Yadda na bi matakin aikin gwaji na kamfanin fasaha daga ƙauyenmu a ƙasar Gumel

Tun da labari ya bazu cewa na samu aiki da wani kamfanin fasaha na Legas alhali ina zaune a ƙauyenmu, ƙannena da muka yi Jami'ar Tarayya ta Dutse da waɗanda muka haɗu a shirin 3MTT, na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, suke ta turo mini tambaya iri ɗaya. Suna so su san mene ne wannan aikin gwajin da kamfani ke ba mutum ya je gida ya yi, da kuma yadda wanda ba shi da tsayayyiyar wuta ko sabis mai ƙarfi zai gama shi cikin wa'adi. Ni ban samu wanda ya zaunar da ni ya warware mini ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani daki-daki. Kamfanoni biyu ne suka ba ni irin wannan aiki a shekarar 2025, kuma ba zan kama sunan ko ɗaya ba.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, kamfanonin manhaja ba sa ɗaukar mutum don takardar digiri kawai. Bayan sun duba CV ɗinka, sai a kira ka a ɗan tattauna, daga nan a turo maka bayanin wata 'yar ƙaramar manhaja a ce ka gina ta, ka ɗora kod ɗin, wato rubutun umarnin da ke gina manhajar, a GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye ayyukansu, ka turo musu adireshin. Idan aikin ya yi musu, sai injiniyoyinsu su zauna da kai ta bidiyo ku bi shi layi-layi. A ganina wannan mataki shi ne ya fi yi wa ɗan ƙauye adalci a duk tsarin, domin mai dubawa ba ya ganin inda ka zauna ka rubuta, ba ya jin kukan janareta ko na awaki, aikin kaɗai yake gani. Sai dai adalcin yana tabbata ne idan ka san abin da za ka tambaya kafin agogo ya fara tafiya.

Na gama hidimar ƙasa na dawo gida, ina taya Baba da Yaya aikin gona, da dare kuma ina tura takardun neman aiki ta LinkedIn da wasu zaurukan Telegram da WhatsApp na masu rubuta manhaja. Abin da ake nema a wannan mataki kaɗan ne: CV mai shafi ɗaya ko biyu, adireshin GitHub da ke ɗauke da ayyukan da ka taɓa yi, wani lokacin da gajeriyar wasiƙa. Mafi yawan wuraren da na tura shiru ne amsarsu, kuma wannan shirun yana cin rai, musamman idan mutanen gari suka fara tambayar Baba ko ɗansa ya daina neman aikin gwamnati ne. A tsakiyar haka wani ya turo mini saƙo cewa an zaɓe ni, amma in biya kuɗin rajistar jarrabawa in kuma turo lambar BVN. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar ko kwabo daga mai neman aiki, kuma ba shi da abin yi da BVN ɗinka alhali ko magana ba ku yi ba. Na toshe lambar.

Kamfanin farko da ya amsa mini na Abuja ne, yana harkar haɗa manoma da masu sayen amfanin gona. Ba a kira ni ba, ba a ji muryata ba, sai imel kawai na gani ɗauke da aikin gwaji. An ce in gina shafin rajistar manoma, da wurin saka farashin kaya, da ɓangaren biyan kuɗi, da allon da shugabanni za su riƙa duba rahoto, duk cikin mako guda, kuma in yi amfani da tambarinsu da launukansu. Saboda zaƙuwa da kuma son harkar noma da nake yi, na duƙufa. Na tura a kan lokaci. Aka amsa da layi ɗaya cewa an karɓa, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba duk da tuntuɓar da na yi. Ranar da nake ba Baba labari muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, sai ya ce, "To, an biya ka ladan wahalar?" Na ce, "A'a Baba, gwaji ne." Ya yi shiru, can ya ce, "Magini ma idan za a gwada shi, jeri ɗaya ake cewa ya ɗora a ga miƙewar hannunsa. Ba a cewa ya gina ɗaki ya rufa." Wannan magana ita na riƙe a matsayin ma'auni daga ranar.

Kamfani na biyu na Legas ne, mai harkar hada-hadar kuɗi ta waya, suna neman ƙaramin injiniyan da zai yi aikin ɓangaren baya na manhaja, wato wanda ke sarrafa bayanai ba tare da mai amfani ya gan shi ba, daga duk inda yake a Najeriya. Tun daga farko tsarinsu ya bambanta. Wata jami'ar ɗaukar ma'aikata ta turo imel ta ba ni lokuta in zaɓa, muka yi magana ta waya kamar na minti 20. Ta tambayi abin da na karanta, da yaren kod da na fi sabawa da shi, da albashin da nake sa rai, sannan ta lissafa mini matakan da suka rage: aikin gwaji, zaman bitarsa da injiniyoyi, sai ganawar ƙarshe da shugaban sashe. A nan na faɗa mata gaskiyar inda nake, cewa ƙauye ne a Jigawa kusa da iyakar Nijar, wuta sai ta sola, sabis kuma yana da lokutan da yake ƙarfi. Na yi fargabar hakan zai rage mini daraja, amma abin da ta tambaya kawai shi ne ko zan iya halartar taron safe na kullum ta intanet. Na ce zan iya. Ta ce in saurari imel.

Imel ɗin ya shigo wata Laraba a tsakiyar kaka, muna cikin yankan riɗi. Duk wanda ya san riɗi ya san ba ya jira, idan ya bushe a tsaye kwansonsa fashewa yake yi ya zube a ƙasa. Kashegari kuma Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Yaya zai tafi da babur ɗin gidan, wanda shi ne hanyata ta zuwa Gumel. Wa'adin da aka rubuta awa 72 ne, kuma an ce aikin bai kamata ya ci fiye da awa 6 zuwa 8 ba. Kafin in taɓa kwamfuta na zauna na karanta bayanin da kyau, na rubuta tambayoyina a takarda, na tura su cikin imel ɗaya. Na tambayi ko za a iya fara ƙirga wa'adin daga Litinin, na bayyana dalilin a taƙaice ba tare da roƙo ba. Na tambayi ko dole ne a ɗora manhajar a intanet ko kod ɗin ya wadatar, ko an yarda a nemi taimakon ChatGPT da makamantansa, ko ana son ma'ajiyar GitHub ɗin ta zama ta sirri, da kuma abin da masu dubawa suka fi ba muhimmanci. Kafin magariba amsa ta zo. An yarda da Litinin. Ɗorawa a intanet ba dole ba ce amma ana so. An yarda da amfani da ƙirƙirarriyar basira da sharaɗin zan iya bayanin kowane layi. Abin da suka fi dubawa kuma shi ne ingancin lissafin kuɗi, da kod ɗin gwaji, wato kod ɗin da ke duba ko manhajar tana aiki daidai, da bayanin da zan rubuta.

Ina so mai karatu ya lura da wannan wuri, don a nan yawancinmu muke cutar kanmu. Tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin tambayar wanda muke neman abu a wurinsa, muna ganin kamar za a ce mun cika ƙorafi ko ba mu iya ba. A wannan sana'a akasin haka ne. Daga baya ɗaya daga cikin injiniyoyin ya gaya mini cewa tambayoyin da mai neman aiki ya yi suna cikin abin da suke rubutawa a takardar tantancewa, saboda a bakin aiki kullum bayanin da ake ba injiniya yana zuwa da giɓi. Haka kuma a tambayi agogon wace ƙasa ake nufi idan kamfanin na waje ne. Wani abokina ya yi irin wannan aiki da wani kamfani a Nairobi, inda agogonsu ke gaban namu da awa 2, ƙarfe 12 na darensu ƙarfe 10 ne a nan.

Kwanakin da aka ɗaga mini su na yi amfani da su wajen shiri. Ranar Asabar na hau babur zuwa Gumel inda sabis ya fi ƙarfi, na sayi data ta kusan naira 5,000, wadda kafin ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025 da ba ta kai haka ba. A can na sauke duk abin da zan buƙata: PostgreSQL, wato manhajar rumbun bayanai, da Django da sauran shiryayyun kod da ake gina manhaja da su a yaren Python, da littafin bayanin Django wanda ake iya saukewa a karanta ba tare da intanet ba. Na saita kwamfutar ta ɗauki layin wayata a matsayin mai iyakantacciyar data, don kada Windows ta shiga sabunta kanta ta lashe mini komai cikin dare ɗaya. Wani abin da ya kamata kowa ya sani shi ne Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, ba ya buƙatar intanet wajen ajiye matakan aikinka. Kana iya yini guda kana ajiyewa a kwamfutarka, sai lokacin turawa GitHub ne kawai za ka nemi sabis, kuma abin da turawar ke ci bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar wuta. Batirin kwamfutata ba ya kai awa 2. A bakin kasuwar ƙauyenmu akwai wani ƙanin Inna mai shagon cajin waya da ke aiki da sola. Na same shi na ce, "Kawu, ina da jarrabawar neman aiki, ina so ka ba ni gefen benci da soket ɗaya daga hantsi zuwa la'asar har Laraba." Ya ce, "Ɗana, ai wannan ba abin tambaya ba ne, amma ka sani da yamma batir na wayoyin mutane ne." Muka tsaya a haka. Ya ƙi faɗin kuɗi, na dai ba shi naira 2,000 a ƙarshe, ya karɓa da ƙyar yana sa albarka. Idan aka haɗa da man babur da shayi da biredi, abin da aikin gwajin ya ci mini ya haura naira 12,000, ba tare da lissafin ɗan ƙwadagon da Baba ya ɗauka ya maye gurbina a gona ba. Na faɗi wannan ne don wanda zai shiga ya tanadi kuɗinsa tun wuri, domin babu kamfanin da ya ambaci mayar mini da su.

Aikin kansa a takarda mai sauƙi ne. A gina ƙaramin tsarin asusu inda mutum zai buɗe asusu, ya saka kuɗi, ya tura wa wani, ya ga tarihin shige da ficen kuɗinsa. Babu zane, babu launi, ƙofofin da wata manhaja za ta riƙa aiko da buƙata kawai. Duk wanda ya yi wata uku yana koyon Django zai iya haɗa abin da zai yi kama da yana aiki cikin yini ɗaya. Tarkon yana cikin abubuwan da ba a rubuta ba, kuma a kansu na kashe mafi yawan lokacina. Na farko, yadda ake ajiye kuɗi. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu lambobi masu ɗigo daidai, idan ka ce wa Python ta haɗa 0.1 da 0.2 za ta ba ka 0.30000000000000004. A harkar kuɗi wannan ɗan burbushin yana taruwa ya zama rigima. Don haka na ajiye komai da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, naira 500 ta zama 50000, kamar yadda kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Paystack ma ke karɓar adadin kuɗi.

Na biyu, abin da zai faru idan buƙatu biyu suka shigo a lokaci guda. A ce mutum yana da naira 1,000, ya tura wa mutum biyu 1,000 kowanne cikin daƙiƙa ɗaya. Idan kod ɗinka ya duba ragowar kuɗi sannan ya cire ba tare da kulle asusun ba, duka biyun za su wuce, kamfani ya yi asara. Maganin shi ne a haɗa cirewa da sakawa cikin mu'amala ɗaya da ko dai ta kammala gaba ɗaya ko ta koma yadda take, a kuma kulle layin asusun har a gama. Dalilin da ya sa na wahala wajen sauke PostgreSQL ke nan, domin SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da Django ke amfani da shi idan ba ka zaɓi wani ba, tana yin biris da umarnin kulle layi, sai ka ɗauka kod ɗinka lafiya yake alhali ba ka gwada komai ba. Na uku kuwa zamana a ƙauye ne ya koya mini shi tun kafin littafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai POS sabis ya yanke, aka sake dannawa, aka cire masa kuɗi sau biyu, ya san ciwon abin. Na sa kowace buƙatar tura kuɗi ta zo da lambar shaida ta musamman, idan lambar ta sake dawowa sai tsarin ya maido da amsar farko ba tare da ya sake taɓa kuɗin ba. Ba a nemi wannan a bayanin aikin ba, amma layuka kaɗan ne, kuma shi ne abin da aka fi yaba mini daga baya.

Tsarin yinina ya zama haka: da rana a shagon Kawu ina rubutu, yara na leƙe, masu karɓar waya na tambayar ko fim nake haɗawa. Da dare a gida da fitilar waya ina tsara aikin gobe a littafi. Ranar Talata hadarin ƙarshen damina ya rufe rana tun azahar, Kawu ya dube ni cikin jin nauyi ya ce sai dai haƙuri, ya zare soket ɗin. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, na koma gida ina lissafin abin da ya rage. A daren ne na yanke shawarar abin da zan bari. Ba zan yi tsarin aika saƙon sanarwa ba, ba zan haɗa Docker ba, wato abin da ake ƙunshe manhaja a ciki don ta yi aiki a kowace kwamfuta, tunda saukar da shi zai cinye sauran datar, zan mai da hankali kan kod ɗin gwaji da takardar bayani. Na rubuta gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa ba a tura abin da ya fi ragowar kuɗi, ba a tura sifili ko ƙasa da shi, mutum ba ya tura wa kansa, kuma buƙatu biyu a lokaci ɗaya ba sa wucewa tare.

Takardar bayani, wato fayil ɗin README, ita ce abin da mai dubawa ke fara buɗewa, kuma ita ce muryarka a ɗakin da ba ka ciki. Na rubuta yadda za a kunna manhajar mataki-mataki, sannan na share komai na bi matakan da kaina don in tabbatar suna aiki a wurin wanda bai san kwamfutata ba. Na rubuta zaɓin da na yi da dalilin kowanne, da abin da na ɗauka a inda bayanin bai fayyace ba, da abin da na bari da gangan da yadda zan yi shi da akwai lokaci. Na faɗi inda na nemi taimakon ChatGPT. Na faɗi gaskiyar cewa aikin ya ci mini fiye da awannin da suka ƙiyasta. Na tabbata kalmomin sirri ba su shiga GitHub ba. Tunda Heroku, ɗaya daga cikin kamfanonin da ake ɗora manhaja a intanet ta hanyarsu, ta daina ba da masauki kyauta tun Nuwamban 2022, a Render na ɗora manhajar, na kuma rubuta gargaɗi cewa masaukin kyauta yana barci idan ba a taɓa shi ba na ɗan lokaci, don haka buƙatar farko za ta yi jinkiri. Rashin wannan layi ɗaya na iya sa mai dubawa ya zaci manhajarka ta mutu ya rufe. Ranar Laraba da rana na koma Gumel na tura, da sauran awanni a wa'adin, na ɗauki hoton allon a matsayin shaida, na nemi a tabbatar mini an karɓa.

Jiran da ya biyo baya ya fi aikin wahala. An ce za a amsa cikin mako guda, mako ya wuce babu labari. Abin da ya faru da kamfanin farko ya riƙa dawo mini, ina ɗaga waya sama a bakin gona ina neman sabis don duba imel. Inna ta lura, ta ce, "Auta, ka ci abinci, abin da yake rabonka ba ya wuce ka." Da kwanakin da suka ɗiba suka cika har da ƙari, na tura gajeren saƙo cikin ladabi ina tambayar inda aka kwana. Kashegari jami'ar ta amsa da ban haƙuri, ta ce ɗaya daga cikin masu dubawa ne ya yi tafiya, ta kuma ba ni ranar zaman bita. Tuntuɓa sau ɗaya bayan wa'adin da su da kansu suka faɗa ya wuce ba rashin kunya ba ne.

Don zaman bitar na nemi alfarmar wani abokina mai shagon buga takardu a Gumel, ya ba ni ɗakin ciki, na sayi man janareta. Na tanadi layuka biyu na kamfanoni daban-daban, na kuma tura wa jami'ar lambar wayata tun da safe na ce idan bidiyo ya yanke a kira ni kai tsaye. Injiniyoyi biyu ne a Google Meet, mace da namiji. Suka ce in nuna allona in zagaya da su cikin aikin. Daga nan tambayoyi suka fara. Me ya sa kwabo? Me zai faru idan Audu na tura wa Bala a daidai lokacin da Bala ke tura wa Audu, kowa ya kulle asusunsa yana jiran na ɗan'uwansa? Na nuna musu cewa kullum ina kulle asusun da lambarsa ta fi ƙanƙanta da farko, don haka ba za a yi cirko-cirko ba. Matar ta tambayi yadda tsarin zai kasance idan tarihin mu'amala ya kai miliyoyin layuka, na faɗi abin da na sani game da rarraba sakamako shafi-shafi da sa alamar bincike a rumbun bayanai, inda ilimina ya tsaya kuma na ce ban kai nan ba tukuna amma ga yadda zan bincika. Sannan aka ce in ƙara sabon sharaɗi suna kallo: kada mutum ya tura fiye da wani adadi a rana. Hannuna na rawa, sabis ya yanke a tsakiya, na koma layi na biyu muka ci gaba, babu wanda ya nuna damuwa. Na riƙa faɗin abin da nake tunani da baki ina rubutawa, na fara da kod ɗin gwaji kafin gyaran. A nan ne duk wanda wani ya yi wa aikin, ko ya kwafo abin da bai fahimta ba, asirinsa ke tonuwa, domin cikin minti biyar za a gane ko ka san gidan da ka ce kai ka gina.

Ganawar ƙarshe da shugaban sashe hira ce kawai kan yadda nake aiki da mutane da yadda zan magance matsalar wuta. Na ce da albashin farko zan haɗa ƙaramar sola a gida. Bayan 'yan kwanaki takardar ɗauka ta zo. Kafin in sa hannu na tambayi ko adadin da aka rubuta kafin cire haraji da fansho ne ko bayansa, domin bambancin ba kaɗan ba ne. A dokar fansho ta 2014 ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, harajin albashi kuma jihar da kake zaune ake biya wa, don haka na tabbatar an rubuta Jigawa. Takardun da aka nema su ne lambar NIN, shaidar digiri, shaidar kammala hidimar ƙasa, lambar asusun banki, lambar asusun fansho, hoton fasfo, da mutum biyu da za su tsaya mini. Na samu wani malamina na jami'a da shugaban makarantar da na yi hidimar ƙasa. Kwamfutar aiki kuma Kano aka aiko ta, na je na karɓo. Da na nuna wa Baba takardar, ya ce Yaya ya karanta masa adadin, ya yi hamdala ya ce a kai wa Kawu mai shagon caji labari kafin kowa.

Da na jera kamfanonin biyu, alamomin da ke raba gwaji na gaskiya da cin gumin mutum sun fito fili. Na gaskiya sai an yi magana da kai kafin a ba ka aiki, ana faɗa maka awannin da ake sa ran zai ci, ana amsa tambayoyinka, kuma abin da za ka gina abin misali ne da ba za a iya sayar da shi gobe ba. Idan aka ce ka gina ainihin hajar kamfanin da tambarinsa, ko aikin zai cinye mako guda cur, kana da damar ka ce za ka yi ɓangare ɗaya, ko ka nuna wani aikin da ka riga ka yi, ko ka tambayi ko akwai biya. Akwai kamfanonin da ke biyan ladan aikin gwaji idan ya yi tsawo. Wanda ya fusata don ka yi wannan tambaya ya riga ya nuna maka yadda zama da shi zai kasance.

Ina kuma tuna 'yan'uwanmu mata da ke wannan fanni a ƙauyuka irin namu, waɗanda zaman shagon caji a bakin kasuwa ko tafiya Gumel a babur da yamma ba zai yiwu musu yadda ya yiwu mini ba. Wata ƙanwata da muka yi 3MTT tare ta nemi a mayar mata da wa'adin awa 48 zuwa kwana biyar, ta ce da rana kaɗai take samun wuta a makarantar da take koyarwa, kuma aka amince mata ba tare da wata muhawara ba. Ita ba a ɗauke ta a wannan karon ba, amma ta nemi a faɗa mata inda aikinta ya gaza, aka turo mata layuka uku kan rashin kod ɗin gwaji da ajiye kalmar sirri a fili. Ta tambayi ko za ta iya barin aikin a GitHub ɗinta, aka ce ta cire sunan kamfanin da rubutun tambayar tukuna. Ta gyara abubuwan da aka lissafa mata, ta mayar da ma'ajiyar ta kowa ya gani, kuma adireshinta ne yanzu a saman CV ɗinta.